Saba ta ƙi tashi bayan na kwashe ta daga VirtualBox zuwa Proxmox

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana su agaza min. Akwai wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta netwok) ta Ubuntu 22.04 da na ɗora a VirtualBox kan laftof ɗina tun bara, a matsayin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin wata kwamfuta. A kanta muke gudanar da wata 'yar manhajar rajista ta wurin aikinmu, da rumbun bayanai na PostgreSQL a bayanta. Yanzu an samar mana kwamfuta ta musamman, na sa mata Proxmox, tsarin da ke gudanar da VM, na kwafo faifan VM ɗin na shigar da shi da `qm importdisk`. GRUB, menun da ke tayar da tsarin, yana fitowa lafiya, amma da ta fara tashi sai ta tsaya tana ƙirga minti ɗaya da rabi, daga nan ta jefa ni cikin emergency mode. Na kashe na kunna ya fi sau biyar, duk kanwar ja ce. Tsohuwar ta laftof tana nan lafiya lau, ban taɓa ta ba.

Sadiq: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa kada ka wahalar da kanka. Ɗora sabuwar Ubuntu a Proxmox ɗin, ka kwashe bayanan tsohuwar da pg_dump ka zuba a sabuwar. Kafin ka gama shan wahalar bincike ka riga ka gama aikin.

Malam Habu: Sadiq, kai dai kullum maganinka ɗaya ne, ciwon kai ko ciwon ƙafa. Nura, tunda GRUB ya fito kuma kernel ya ɗauka, faifan yana nan ƙalau, ba matsalar BIOS da UEFI ba ce. Wannan minti ɗaya da rabi da ka ambata shi ne ya tona asirin. Daƙiƙa 90 ke nan, kuma iya lokacin da systemd, mai tayar da sassan tsarin, yake jiran wani faifai da aka ce masa zai zo amma bai zo ba. Danna Enter ka shiga, ka turo mana abin da waɗannan suka nuna:

`cat /etc/fstab`
`lsblk -f`
`journalctl -xb | grep -i -E "timed out|dependency"`

Nura: To Malam. Na ga layi biyu masu ja: Timed out waiting for device /dev/sdb1, sai kuma Dependency failed for /mnt/ajiya. A lsblk kuwa sda kaɗai nake gani.

Innalillahi, na tuna. Akwai faifai na biyu da na ƙara wa VM ɗin a VirtualBox don ajiyar bakof, wato kwafin kariya na bayanai. Ban kwafo shi ba, na ma manta da shi gaba ɗaya.

Malam Habu: Shi ke nan. Duk abin da aka rubuta a fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a haɗa a lokacin tashi, systemd yana ɗaukar sa wajibi ne sai in ka gaya masa ba haka ba. Bai ga faifan ba, sai ya ƙi ci gaba. Buɗe fayil ɗin ka sa alamar # a farkon layin, ka sake kunnawa. In ya ce ba zai iya rubutawa ba, fara da `mount -o remount,rw /`. Ka kuma duba ko akwai layin vboxsf, wato foldar da kake rabawa da laftof, don ita ma ba ta da mazauni a Proxmox.

Kuma in ka kawo faifan daga baya, kada ka sake kiran sa da /dev/sdb1. Ɗauko UUID ɗinsa, wato lambar shaidarsa, daga `blkid`. Sunayen sda da sdb suna bin yadda aka jera faifan ne, kuma in ka haɗa shi ta VirtIO Block ma sunan zai koma vda ko vdb. UUID yana cikin faifan ne, duk inda ya je da abinsa yake tafiya.

Sadiq: Ko kawai ya ƙara nofail a layin, saba ta tashi ko da faifan ba ya nan, ya huta har abada.

Zainab: Yaya Sadiq, a nan ban yarda da kai ba. nofail yana da amfani, amma ba a faifan bakof irin wannan ba sai da dabara. Ka duba abin da zai faru: faifan bai hau ba, saba ta tashi shiru kamar ba komai, foldar /mnt/ajiya kuma tana nan a kan babban faifai. Dare ya yi, cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya tashi ya zuba bakof a cikinta. Gobe ma haka. Mai saba yana can yana barci da tunanin yana da ajiya a wani faifai dabam, alhali a kan faifan da yake tsoron ya mutu yake tarawa, har ranar da zai cika PostgreSQL ta tsaya. Ni wannan ya taɓa samu na, kuma ban gane ba sai da `df -h` ya nuna min 100%.

Sadiq: To amma ƙanwata, saba ta ƙi tashi gaba ɗaya saboda faifan bakof fa? Wannan ai ya fi muni. Mutane suna jiran aiki.

Zainab: Ban ce kada a sa ba. A sa nofail, amma kafin a hau da faifan a yi `chattr +i /mnt/ajiya` a kan foldar tana fanko. In faifan ya hau, komai zai rubutu yadda aka saba. In bai hau ba, rubutun zai ƙi, bakof ya faɗi da kuskure, ka sani. Ko a sa `mountpoint -q /mnt/ajiya` a farkon sikirif ɗin ya duba tukuna.

Malam Habu: Na ɗauki wannan ta chattr, Allah ya ƙara basira.

Nura: Alhamdu lillahi ta wuce wancan wurin. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu tana tsayawa a A start job is running for Wait for Network to be Configured, har minti biyu, sannan ta kawo wurin shiga. Na shiga ta konsol, ba IP ko ɗaya sai 127.0.0.1.

Sadiq: `systemctl mask systemd-networkd-wait-online.service`. Jiran zai ɓace.

Malam Habu: Jiran zai ɓace, netwok kuma ba zai zo ba. Ka cire batirin ƙararrawa ne wuta tana ci. Nura, kwatanta abin da `ip -br link` ya ba ka da abin da ke cikin fayil ɗin da ke /etc/netplan/.

Nura: A nan ina ganin ens18, kuma DOWN. A cikin 00-installer-config.yaml kuwa enp0s3 aka rubuta.

Malam Habu: Ka ga abin da ido. Linux na yanzu yana raɗa wa katin netwok suna ne daga gurbin da yake zaune a kan PCI. Katin VirtualBox na farko yakan fito enp0s3, na Proxmox ens18, na VMware kuma ens33 ko ens160 ko ens192. A wurin Ubuntu, an ciro ta daga wata kwamfuta an dasa ta a wata, ita kuma tana ta neman katin da ba ya nan. Canza sunan a fayil ɗin, kada ka taɓa tazarar farkon layi, kuma kada ka danna Tab, YAML ba ya karɓa. Sai `netplan apply`. Ranar da kake aiki daga nesa ta SSH kuwa `netplan try` za ka yi, don in ka yanke igiyar da kake tsaye a kanta zai mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120.

Kana gamawa ka cire Guest Additions na VirtualBox, ka sa qemu-guest-agent, ka kunna shi a Options na VM ɗin.

Nura: Ta samu IP, manhaja ta buɗe, abokan aiki sun shiga. Allah ya saka da alheri Malam, da Malama Zainab, har da Oga Sadiq mai son gogewa.

Sadiq: Da ka bi tawa da tuni ka yi barci.

Nura: Jama'a na dawo, kwana uku ke nan da wancan, kuma wannan karon abin ya fi ƙarfin tunanina. Tun jiya da rana SSH yake yankewa haka kawai. Wani lokaci in yi minti goma lafiya, wani lokaci ko biyu ba na kaiwa sai ya daskare ko ya ce Connection reset. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali: na ƙirƙiri fayil a /home, layi ya yanke, na sake shiga, babu fayil ɗin. Na yi tsaki na ci gaba da aiki. Can anjima na sake shiga, ga shi ya dawo. Wata abokiyar aiki ma ta ce ta shigar da rajista da safe, da ta duba da rana ba ta gan ta ba. Faifan ne yake mutuwa?

Sadiq: Ban ce komai ba fa. Amma dai kowa ya san abin da na faɗa tun farko.

Ɗanladi: Ni ina zargin katin VirtIO. Sauya shi zuwa Intel E1000 ka gani. Na sha ganin yankewar layi ta warke da haka.

Malam Habu: A Windows da ba a sa wa direban VirtIO ba, na yarda. Linux kuwa direban yana cikin kernel tuntuni. Kuma kati ba ya ɓatar da fayil ya dawo da shi. Nura, kafin ka canza komai, mu san a wane hawa matsalar take, wurin baƙo (VM ɗin) ko wurin mai masauki (Proxmox). A cikin VM ɗin:

`uptime`
`dmesg -T | grep -i -E "error|oom|reset"`
`free -h`

A kan Proxmox ɗin kansa kuma `pvesm status` da `lvs`. Ina son in ga ko local-lvm ya cika. In wurin ajiyar mai masauki ya ƙare, QEMU, injin da Proxmox ke gudanar da VM da shi, yana dakatar da VM ɗin ne cak, za ka ga alamar io-error a jikinta. Daga waje kamar layi ya yanke, a ciki kuma babu abin da za a rubuta a log, don an tsayar da mai rubutun ne.

Nura: local-lvm bai kai rabi ba. dmesg tas yake, ba OOM, ba kuskuren faifai. RAM akwai saura sosai. Amma ga wani abin mamaki: uptime ya ce min kwana uku. Layi ya yanke, na sake shiga na sake bugawa, ya ce awa 22.

Ɗanladi: Agogo ne ya rikice. VM suna da wannan halin, musamman bayan an dawo da sinafshot, wato yanayin VM da aka adana a baya. Duba `timedatectl`.

Zainab: Dakata Yaya Ɗanladi. Agogo yana iya yin gaba ko baya, amma uptime ba ya tsalle daga kwana uku zuwa awa 22 ya sake komawa. Nura, kada ka shiga sabar. Daga laftof ɗinka ka yi ping ɗin IP ɗin, sannan ka buga `arp -a` in Windows ce, ko `ip neigh` in Linux ce. Rubuta MAC ɗin da ka gani, wato lambar shaidar katin netwok. Jira layi ya yanke, ka sake dubawa.

Nura: Malama, MAC ɗin ya canza! Na farko ya ƙare da 3a:7f, na biyu da c1:09. IP ɗaya.

Zainab: To ba faifai ba ne, ba kati ba ne. Na'ura biyu kake shiga, kana zaton ɗaya ce. Fayil ɗinka bai taɓa ɓacewa ba, yana kan ɗayar, kai ne kake faɗawa ɗayar. Ko ka kunna tsohuwar ta laftof?

Nura: Wallahi a kashe take.

Zainab: Yaya farkon MAC ɗin yake? Na VirtualBox da 08:00:27 yake farawa.

Nura: Duka biyun bc:24:11.

Zainab: Wannan na Proxmox ne. Dukansu suna kan sabuwar kwamfutarka. Me ka kunna awa 22 da suka wuce?

Nura: Kai! Jiya na yi kulon ɗin VM ɗin, wato kwafinta sak, don in gwada sabunta manhajar ba tare da na taɓa ta aiki ba. Na kunna ta, aka kira ni wani aiki, na bar ta a kunne. Amma ai na duba, Proxmox ya ba ta MAC nata dabam. Kuma DHCP muke amfani da shi, wato rauta ce ke raba IP, ban rubuta shi da hannu ba. Ta yaya rauta za ta ba na'ura biyu lamba ɗaya?

Malam Habu: Ruwa ba ya tsami banza. Zainab, ke kika kamo shi, ki ƙarasa.

Zainab: Ba a nan gizo yake saƙar ba, ba MAC rautar take kallo ba. Ubuntu Server tana neman IP ne ta hanyar systemd-networkd, shi kuma in ba a ce masa komai ba, ba ya gabatar da kansa da MAC. Yana aika wata shaida da ake kira client identifier, wadda ake ƙirƙira daga lambar da ke cikin /etc/machine-id, haɗe da wani ɓangare da ake samowa daga sunan katin. Lambar nan ta haruffa 32 ana yin ta ne sau ɗaya lokacin da aka ɗora tsarin. Da ka yi kulon, Proxmox ya canza abin da yake hannunsa, wato MAC, amma bai shiga cikin faifan ba. Fayil ɗin ya tafi yadda yake, katin ma ens18 ne a duka biyun. Sai sabuwar ta je wa rauta da katin shaidar tsohuwar, rauta ta ce ai na san ki, ga lambarki.

Daga nan duk wanda ya tambaya wa ke da IP ɗin nan, su biyun suke amsawa. Laftof ɗinka ya riƙe wadda ya ji, anjima ya ji ɗayar ya sauya. In ya sauya kana tsakiyar SSH, saƙonka ya faɗa hannun wadda ba ta san da zancen ba, sai ta mayar maka da reset.

Abin da ya ɓoye maka ita shi ne makullan SSH. Da a ce wata na'ura ce dabam, da SSH ya daka maka tsawa cewa shaidar sabar ta canza. Amma makullan da ke /etc/ssh su ma an kwafe su, sunan na'ura ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Ba ta inda za ka bambance.

Tabbatar da kanka: buɗe konsol ɗin kowacce a Proxmox ka buga `cat /etc/machine-id`.

Nura: Iri ɗaya sak, harafi da harafi.

Ɗanladi: Ashe ku ma kuna da irin tamu. A Windows Server shi ya sa ake yin `sysprep /generalize` kafin a mayar da na'ura abin kwafa. Na ɗauka Linux ba ruwansa da wannan.

Sadiq: To a ba kowacce IP na dindindin a netplan mana, a rabu da DHCP. Saba ma me ya haɗa ta da DHCP tun farko?

Zainab: Da IP ɗin hannu aka rubuta, da kulon ɗin ya tashi da shi kai tsaye, rikicin ya fi haka saurin zuwa. Na yarda saba ta samu lamba tsayayya, ko a netplan ko a keɓe mata a rauta. Akwai kuma `dhcp-identifier: mac` da ake sawa a netplan don ta riƙa gabatar da kanta da MAC. Duk suna kashe wannan wutar. Amma machine-id ɗin zai ci gaba da zama ɗaya, kuma ba DHCP kaɗai ke dogara da shi ba, journald ma da shi yake ware log ɗin kowace na'ura. Makullan SSH ɗaya a na'ura biyu kuma yana nufin wanda ya fasa ta gwaji ya samu abin da zai yi sojan gona da sunan ta aiki.

Malam Habu: Ku tsaya da gardamar nan tukuna, akwai abin da ya fi ta gaggawa. Nura, ka ce abokiyar aikinka ta shigar da rajista ta ɓace. Ba ta ɓace ba, tana cikin PostgreSQL ta kulon. Tun jiya mutanenku suna rubutu a rumbu biyu. Kada ka goge kulon ɗin, kada ka mayar da wani sinafshot. Je Hardware na kulon ɗin, buɗe Network Device, sa alama a Disconnect. Yanzu-yanzu, kafin wani ya ƙara rubuta wani abu. Sannan ta konsol ka yi pg_dump, a ta aikin ma ka yi, ka ajiye su da sunaye mabambanta.

Nura: Gabana ya faɗi wallahi. Saura ƙiris in goge ta da Malama ta gama bayani. Na cire mata netwok. Ping ya daidaita, MAC ya tsaya a 3a:7f.

Malam Habu: Madalla. Wurin haɗa bayanan ka yi hattara da lambobin id. Rumbunan biyu sun rabu ne daga wuri ɗaya, kowanne ya ci gaba da ƙirga nasa, saboda haka za ka tarar da lamba ɗaya a nan mutum kaza ce, a can wani ne dabam. Kada ka zuba dump ɗin kulon a kan ta aiki. Zaƙulo layukan da aka shigar bayan lokacin da ka yi kulon, ka shigar da su ba tare da id ɗinsu ba, rumbun ya ba su sababbi. In akwai wasu teburan da suke nuni da waɗannan lambobin, su ma sai ka bi su. In kaɗan ne, ya fi sauƙi a sake shigar da su ta cikin manhajar.

Zainab: In ka gama da bayanan, gyaran a kan kulon za ka yi, ba a kan ta aiki ba, don ita ta riƙe IP ɗinta:

`truncate -s 0 /etc/machine-id`
`ls -l /var/lib/dbus/machine-id`
`rm /etc/ssh/ssh_host_*`
`ssh-keygen -A`
`hostnamectl set-hostname gwaji`

Layi na biyu dubawa ce. In ya nuna kibiya zuwa /etc/machine-id, shi ke nan. In fayil ne mai zaman kansa, goge shi ka mayar da shi mahaɗi da `ln -s`, in ba haka ba tsohuwar lambar tana iya dawowa daga can. Sai ka sake kunnawa, ka tabbatar lambar ta canza, sannan ka mayar mata da netwok. Tsofaffin log ɗinta suna nan a /var/log/journal cikin foldar da ke ɗauke da tsohuwar lambar, kada ka ga journalctl ya yi gajere ka firgita.

Wani abu kuma: kashe cron ɗin bakof a kulon. In ba haka ba ranar da ka haɗa su da wurin ajiya ɗaya, ta gwaji za ta riƙa rubutawa a kan bakof ɗin ta aiki.

Nura: Na gama. Rajista 14 na samu a kulon, uku daga ciki an riga an sake shigar da su a ta aiki da masu su suka ga ba su gani ba, don haka 11 na mayar, ta cikin manhajar. Kulon ta tashi da sabuwar lamba, rauta ta ba ta IP dabam. Tun ɗazu SSH bai yanke ba. Cron ɗin ma na kashe.

Tambaya ta ƙarshe: in ina son in riƙa fitar da na'urorin gwaji nan gaba, kowace sai na bi wannan layin?

Malam Habu: A'a. Yi kulon ɗaya, cire bayanan aiki daga cikinta, ka bar machine-id fanko, ka kashe ta ba tare da ka sake kunnawa ba, sai ka yi Convert to template, ta zama abin kwafa. Duk wadda ta fito daga ciki za ta ƙirƙiri lambarta a tashin farko. Makullan SSH ne sai ka kula: in ka goge su a template, sshd ba zai tashi ba sai an yi sababbi, ko dai cloud-init ya yi maka, ko ka buga `ssh-keygen -A` ta konsol.

Sadiq: Wato dai a ƙarshe template ɗin daga sabuwar Ubuntu ya fi dacewa a yi shi. Na gode da kuka iso inda nake tun kwana uku.

Zainab: Ita ma sabuwar in ka yi kulon ɗinta ba ka share machine-id ba, nan za ka dawo kana tambayarmu.

Nura: Malam, faifan bakof ɗin fa har yanzu yana laftof. Shi ma da importdisk zan kawo shi?

Malam Habu: Eh, zai fito a matsayin Unused Disk, ka danna shi sau biyu ka haɗa. Amma in a kan faifai ɗaya na kwamfutar zai zauna da VM ɗin, nemo wani wurin na waje ka riƙa tura kwafi. Turo `blkid` in ka haɗa, mu rubuta layin fstab ɗin tare.